Filin Lafiya: Zogin Aikin Ciki da Dalilin Haɗa Magunguna

Wasiƙun wannan karo yawancinsu daga Katsina da Daura suka fito, kuma kusan duk a kan abu guda: ciwon da ke biyo bayan babban aikin ciki, da tarin magungunan da ake rubuta wa maras lafiya. Likitan sa barci da mai harhaɗa magunguna da ma'aikaciyar jinya ta ɗakin 'yan tiyata ne suka haɗu suka amsa. Duk adadin da muka ambata na baligi ne da ya haura kilo 50, wanda hantarsa da ƙodarsa ke lafiya. In takardar likitan da ya yi aikin ta saɓa da abin da ke nan, tasa za a bi, don shi ya ga cikin da idonsa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. An yi wa ƙanena aiki, shekararsa 26, taifot ce ta huda masa hanji. Tun da ya fito daga ɗakin tiyata nake ganin ana sa masa farasitamol ta hanyar ƙarin ruwa, ga wata allura daban, an kuma ce in ya fara cin abinci za a ƙara ƙwaya. Magani uku duk na ciwo ɗaya. Ba za su yi masa yawa ba? Me ya hana a yi masa allura guda mai ƙarfi a huta?
Wani ɗan kasuwa, Ƙofar Marusa, Katsina

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba shi lafiya. Abin da ka gani shi ne daidai, kuma allura guda mai ƙarfin nan da kake so ita ce ta fi haɗari.

Ciwon aikin ciki ba ta hanya ɗaya yake zuwa ba. Akwai zafin fata da naman da aka yanka. Akwai kumburin da jiki ke tarawa a bakin rauni, wanda ke sa wurin ya yi tsami ko riga ce ta taɓa shi. Akwai murɗar hanjin da aka tattaɓa, ita kuma daban take, ba ta da takamaiman wuri. Duk waɗannan saƙonni jijiyoyi ne ke ɗaukarsu zuwa lakar ƙashin baya, daga nan su hau ƙwaƙwalwa. Kai ɗan birni ne, ka san in aka rufe Ƙofar Ƙaura kaɗai, mai son shiga gari sai ya zaga ta Ƙofar Guga ko Ƙofar Sauri. Haka ciwo yake yi wa magani guda.

Saboda haka ake tsare kowace ƙofa da nata mai gadi. Farasitamol a ƙwaƙwalwa da laka yake aiki, yana rage kaifin saƙon. Ana ba da giram 1 duk bayan awa 6. In ta jijiya ne, 'yar kwalba ce mai ruwa mililita 100 da ke shiga cikin minti 15. In ta baki ne, ƙwaya biyu masu miligiram 500. Kada ya wuce giram 4 a kwana guda. Wanda bai kai kilo 50 ba, kuma masu taifot da yawa sun rame kafin a kai ga aiki, ana auna masa miligiram 15 a kowane kilo. Mai kilo 40 ke nan miligiram 600 ne rabonsa, ba giram ɗaya ba. Mutane na raina farasitamol saboda kowane kanti yana da shi, amma a ɗakin 'yan tiyata shi ne harsashin ginin.

Na biyu su ne magungunan kumburi, irin su aibufurofen da dikulofenak, waɗanda kuka sani da Brufen da Cataflam. Su a bakin raunin suke aiki, suna hana jiki sarrafa sinadarin da ke hura wutar kumburi. Aibufurofen miligiram 400 ne sau uku a rana bayan an ci abinci. Dikulofenak miligiram 50 sau uku, ko na matsi ta dubura mai miligiram 100, kuma jimla kada ta wuce 150 a kwana. A nan ga abin da ya shafi ƙanenka kai tsaye: wanda hanjinsa ya huje, ƙazanta ta zuba a cikinsa, ruwan jikinsa ya ragu, ƙodarsa tana cikin wahala a kwanakin farko. Likitoci da yawa sukan jinkirta masa wannan rukuni har fitsari ya wadata, gwajin ƙoda ya yi kyau, wasu kuma su bar shi gaba ɗaya in an yanke hanji an haɗa, don gudun kada ɗinkin hanjin ya ƙi kamawa. In ka ga ba a ba shi ba, ba mantuwa aka yi ba. Kada wani ɗan uwa ya sayo a waje ya ba shi.

Na uku su ne masu ƙarfin: mofin, fetidin, fentazosin da tiramadol. Waɗannan suna toshe saƙon a laka da ƙwaƙwalwa, kuma babu kamarsu wajen ciwo mai tsanani. Amma suna da tsada a jiki. Suna kawo tashin zuciya da amai, suna sa barci mai nauyi, suna kwantar da hanji, in suka yi yawa su rage numfashi. Ka duba: mutumin da aka yi wa aikin hanji, abin da kowa ke jira shi ne hanjin ya farka, ya fitar da iska, ya fara karɓar abinci. In da mofin kaɗai aka dogara, adadin da zai kashe ciwon shi ne zai sa hanjin ya ci gaba da barci. Idan kuwa farasitamol da maganin kumburi suna ƙasa suna aiki, buƙatar mofin takan ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, wani lokaci fiye.

Akwai na huɗu da ba ka gani ba, don a ɗakin tiyata ake yin sa: maganin kashe wuri. Kafin a rufe ciki likita kan tsira bufibaken a gefunan yankan, wanda ke riƙe wurin na wasu awoyi, kuma ba a wuce miligiram 2 a kowane kilo. Inda akwai na'urar hoton ciki, ana iya zuba shi tsakanin shimfiɗun naman bangon ciki, inda jijiyoyin ke bi. A manyan asibitoci akan sa siririyar roba a gadon baya, a riƙa tura maganin ta nan kwana biyu ko uku. Wani lokaci kuma a ƙara ɗan ketamin kaɗan ko deksametason, su ma don rage ciwo, tun ana cikin aikin.

Wannan tsari ba sabo ba ne. Wani likitan tiyata ɗan ƙasar Denmak, Henrik Kehlet, shi da abokin aikinsa suka yi rubutu a kansa a 1993, daga nan ya bazu, yau shi ne abin da ake koyarwa ko'ina. Bahaushe dai ya riga ya faɗa: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

TAMBAYA: Mahaifiyarmu aka cire wa mahaifa saboda ƙari. Ko ka tambaye ta sai ta ce "da sauƙi, alhamdu lillahi", amma muna ganin tana cije leɓe, ba ta motsi, numfashi ma sama-sama take yi. In an kawo ƙwaya sai ta ce a ajiye sai ciwon ya taso. Yaya za mu yi da ita?
Wata malamar makaranta, Sabuwar Unguwa, Katsina

AMSA: Malama, wannan tambayar ta fi damunmu a kan duk sauran, don irin Hajiya sun fi yawa a gadajen asibitocinmu. An tashe mu da dauriya, musamman iyaye mata, kuma dattijuwa ba ta son ta yi raki a gaban 'ya'ya da surukai. Dauriya abin yabo ce, amma bayan aikin ciki tana iya jawo wata cutar da ta fi ta farko.

Ga yadda abin yake. Duk lokacin da mutum ya ja dogon numfashi, bangon ciki yana motsi, ɗinki ya ja. Mai jin ciwo sai ya koma ɗan gajeren numfashi, ya ƙi yin tari. Ƙasan huhu sai ya lotse, majina ta taru, nan da kwana biyu ko uku zazzaɓi ya shigo, ya zama namoniya. Rashin motsi kuma yana sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, gudan ya iya ɓallewa ya tafi huhu, abin da ke kashe mutum farat ɗaya. Hanji ma ba ya farkawa da wuri a jikin da ke kwance kamar gungume. To ku gaya wa Hajiya maganin ba don jin daɗi ba ne, don ta iya numfashi da tari da tafiya ne.

Batun a ajiye sai ciwo ya taso kuwa, kuskure ne babba. Ƙwaya tana ɗaukar minti 30 zuwa awa guda kafin ta kama. Ciwon da aka bari ya kai ƙololuwa yana buƙatar magani mai ƙarfi kafin ya sauka, wanda aka tare tun yana ƙasa kuwa kaɗan ya ishe shi. A kwana uku zuwa biyar na farko da agogo ake sha, ko da ciwo ko babu. Ku rubuta a takarda ku manna a jikin bango: farasitamol ƙarfe 6 na safe, 12 na rana, 6 na yamma, 12 na dare. Duk wanda ya ba ta ya ja layi, don masu jinya suna canji, kuma ta nan ne ake maimaita magani ko a tsallake.

Ku daina tambayarta "yaya jiki", amsar a shirye take. Ku ce, "Hajiya, in babu ciwo sifiri ne, naƙuda mai tsanani goma ce, yanzu nawa kike?" Ku tambaya tana kwance, ku sake tambaya bayan ta yi tari. In ta haura 4 a kwance, ko ta kasa yin tari saboda zafi, maganin bai isa ba, a sanar da nas. In ta ƙi lissafin, ku kalli goshinta da hannunta da ke damƙe zanin gado.

Sai ku koya mata abu uku. Ta rungume filo ko naɗaɗɗen zani a kan ɗinkin, ta danna da hannu biyu, sannan ta yi tari. Ɗinkin ba zai ɓalle ba. Ta ja dogon numfashi sau goma duk awa in tana farke, ta riƙe daƙiƙa uku, ta sake a hankali. In za ta tashi kada ta miƙe kai tsaye daga rigingine: ta lanƙwashe gwiwa, ta juya gefe, ta sauke ƙafafu, ta tura jikinta da gwiwar hannu. Ku daidaita tafiyar da kamar minti 40 bayan shan magani. Rana ta farko ko zuwa bakin ƙofa ne ya wadatar.

TAMBAYA: An sallame ni bayan aikin ƙaba babba, an rubuta mini tiramadol na kwana biyar. Ni kuwa na ga yadda tiramol ya lalata samari a unguwarmu. Ina tsoron kada in kamu. Wani kuma ya ce in je kemis a riƙa yi mini allurar fenta, ta fi sauri.
Wani magidanci, Daura

AMSA: Malam, tsoronka yana kan hanya, kuma gara mai tsoro da mai ganganci. Amma a bambance abu biyu. Wanda hukumar NAFDAC ta amince da shi mai miligiram 50 ne da mai 100. Wanda ke yawo a hannun samari, wanda jami'an NDLEA ke kamawa, sau da yawa mai 200 ne ko 225, ana shan sa ba ciwo, ba iyaka, wata da watanni. Naka miligiram 50 zuwa 100 ne duk bayan awa 6 in ciwo ya fi ƙarfin sauran magungunan, kada ya wuce 400 a kwana, wanda ya haura shekara 75 kuma 300. Wanda ya sha haka na 'yan kwanaki saboda yanka, ya daina da ciwo ya sauka, da wuya ya kamu. Haɗarin yana ƙaruwa ne da tsawon kwanaki, da kuma ga wanda ya taɓa shaye-shaye a baya. In kana cikinsu ka faɗa wa likita ba kunya, zai canza tsari.

Yadda ake sauka shi ne a fara cire mai ƙarfi. Tiramadol ya fara tafiya, da farko a bar na rana a riƙe na dare, sannan shi ma a bari. Maganin kumburi ya biyo baya, kamar kwana biyar zuwa bakwai. Farasitamol ne na ƙarshe. Alamar da za ka lura da ita a kanka: ranar da ka ji kana son ƙwayar don barci ko don sanyin rai, ba don ɗinki na zafi ba, ranar ce ta dainawa. Abin da ya rage kada ka ajiye a ɗaki inda yara da matasa ke shiga, ka mayar wa masu magani na asibiti.

Mai farfaɗiya ba ya shan tiramadol, yana tayar da ita. Mai shan maganin damuwa irin su amitiriftilin ko fuluwoksetin ya faɗa tun kafin a rubuta, don haɗuwarsu na kawo rawar jiki da zufa da ruɗewa. Kada a haɗa shi da maganin barci irin Valium, ko maganin tari mai kodin, ko giya. Wannan haɗin ne ke tsayar da numfashi. Kada ka hau babur ko ka tuƙa mota kana kansa. Yana kuma ɗaure ciki, mai aikin ƙaba kuwa yunƙuri a bayan gida abokin gabarsa ne. Ka sha ruwa sosai, ka ci gwanda da zogale da miyar kuɓewa, in ta kama a ba ka laktulos, maganin sassauta bayan gida.

Shawarar allurar fenta a kemis kuwa, muna roƙonka kada ka ɗauka. Fentazosin tana da amfaninta a asibiti a kwana ɗaya ko biyun farko, miligiram 30 zuwa 60, ƙarƙashin idon ma'aikata. A waje ita ce ƙofar jaraba da ta fi kowace saurin buɗewa, don daɗinta na zuwa nan take ya wuce nan take. Yawan tsira ta a wuri ɗaya yana sandarar da nama ya koma kamar itace, ya fashe ya zama gyambon da ba ya warkewa. Masu sikila da dama sun faɗa wannan rami. Mutumin da ke iya haɗiyar tuwo ba ya buƙatar allurar ciwo.

Ga masu jinyar wanda aka yi wa mofin ko makamancinsa, ko a asibiti ko a gida: ku ƙirga numfashinsa na minti guda cur, kuna kallon ƙirji. Daga 12 zuwa 20 lafiya lau. In ya gaza 10, ko ana tashinsa yana komawa barci tsakiyar magana, ko yana wani irin minshari da ba a san shi da shi ba, ko ƙwayar idonsa ta tsuke kamar kan allura, a kira ma'aikata nan take. Akwai makarinsa, nalokson, yana aiki cikin mintuna kaɗan.

TAMBAYA: An yi mini aiki aka ciro jariri, haihuwata ta fari. Ina shayarwa. Wane magani ne ba zai cutar da yaron ba? Kuma gwaggona ta matsa sai an fara wankan jego.
Wata mai jego, Rafindadi, Katsina

AMSA: Barka da arziki, Allah ya raya. Farasitamol da aibufurofen ko dikulofenak sun dace da mai shayarwa, abin da ke shiga nono kaɗan ne ƙwarai. Su biyun tare, bisa agogo, sun ishi yawancin mata daga kwana na biyu ko na uku. Maganin kumburin yana kuma taimakawa da murɗar marar nan da ke tasowa in yaro ya kama nono, wadda alama ce mahaifa na komawa mazauninta. Amma in kin yi hawan jinin ciki mai tsanani da ya taɓa ƙoda, ko kin zubar da jini da yawa, sai likita ya ba da izini tukuna.

Kodin ne abin gudu. Hantar wasu mata tana juya shi zuwa mofin da sauri fiye da ƙima, ya bi nono, kuma ba a gane wace ce sai abin ya faru. A 2017 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan kodin da tiramadol ga masu shayarwa. In dole aka ba ki mai ƙarfi, ya zama na ɗan lokaci, kuma a sa ido a kan jariri: yawan barci, kasa kama nono, jiki ya saki. Asfirin da garin Alabukun, wanda asfirin ne a cikinsa, ki bar su. In za ki shayar, ki kwanta a gefe ko ki ɗora filo a cinya don nauyin yaro kada ya sauka a kan ɗinki.

In allurar baya aka yi miki, kika ji ciwon kai da ke tsananta in kin zauna ya lafa in kin kwanta, daga allurar ne. Kwanciya da ruwa da farasitamol da ɗan shayi ko kofi sukan taimaka, in ya wuce kwana biyu ki koma asibiti.

Gwaggo kuwa a yi mata bayani cikin ladabi, don kulawa ce ta sa ta matsa. Fatar da ke kewaye da yankan takan yi makonni a mace, ba za ki ji zafin ruwa ba sai ya sale ki. Kada a fyaɗa tafasasshen ruwa da ganye a kan ciki, kada a gasa, kada a danna. Ruwa mai ɗumi ya isa, a shanya wurin da tsabtataccen ƙyalle. Kunun kanwa ma a sassauta ƙwarai. Kanwa gishiri ce, maganin kumburi shi ma yana riƙe gishiri da ruwa a jiki, kuma likitoci a Zariya sun daɗe da nuna alaƙar kanwa da zafin jego da ciwon zuciyar masu haihuwa.

TAMBAYA: Babanmu shekararsa 71, yana da olsa da hawan jini. Bayan aikin da aka yi masa, farasitamol kawai aka sallame shi da shi da wata ƙwaya ta dare. Maƙwabcinmu ya kawo masa Feldene da Cataflam, ya ce su suka yi masa aiki.
Wani ɗalibi, Mai'adua

AMSA: Ka karɓe su daga hannun Baba yau ɗin nan. Maƙwabci alheri ya nufa, amma guba ya kawo wa mai irin wannan jiki. Sinadarin da magungunan kumburi irin waɗannan biyun ke hanawa a bakin rauni, shi ne kuma ke shimfiɗa majinar da ke kare tumbi, shi ke buɗe wa ƙoda hanyar jini. Ga dattijo mai gyambon ciki, suna iya fasa gyambon ya yi ta zubar jini ko ya huje. Ga mai hawan jini, suna ɗaga jinin, in kuma yana shan lisinofuril da maganin sa fitsari, haɗuwar ukun tana iya tsayar da ƙoda, balle a zafin bazara da mutum ke bushewa. Feldene da Cataflam kuma 'yan gida ɗaya ne. Haɗa magunguna da muke yabo na masu hanya daban-daban ne. Biyu daga gida ɗaya ba sa ƙara sauƙi, illa kawai suke ninkawa.

Sauran waɗanda ba sa shan wannan rukuni: mai ciwon ƙoda, mai ciwon zuciya da ƙafa ke kumbura, mai shan maganin tsinka jini, mai asmar da asfirin ke tayarwa, da mai tsohon ciki. In likita ya ga dole ga wanda haɗarinsa kaɗan ne, yakan haɗa da maganin kare tumbi, omefurazol, miligiram 20 kullum da safe. In Baba ya riga ya sha, ku duba bayan gidansa. Baƙi mai kama da kwalta, ko amai kamar dusar kofi, ko fitsari ya ragu, asibiti ba jira.

Farasitamol ɗin ma a kula. Panadol da Procold da magungunan mura da yawa duk akwai shi a ciki, sai mutum ya haura giram 4 bai sani ba, hanta kuwa ba ta kuka sai bayan kwana biyu ko uku. Ga dattijo maras ƙiba, giram 3 a kwana ya fi kwanciyar hankali.

TAMBAYA: Ruku'u da sujada suna ja mini ɗinki. Zan iya salla a zaune? Azumin da ake bina fa?
Wani mai karatu, Gambarawa, Katsina

AMSA: Ƙwarai kuwa, Malam. Hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Buhari ya ba maras lafiya damar yin salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Ka zauna a kujera ka yi nuni, har ranar da za ka sunkuya ba tare da riƙe numfashi ba. Azumi ka jinkirta har ka gama shan magani bisa agogo kuma likita ya sake ka. Maganin kumburi a kan yunwa da ƙishirwa shi ne abin da muka gama gargaɗi a kai. Ɗaukar jarkar ruwa ko buhu kuma sai bayan mako shida.

TAMBAYA: Yau kwanan matata shida da aikin hanji, muna gida. Da ta samu sauƙi, amma tun jiya ciwon ya dawo ya fi na farko, ciki ya kumbura, jikinta da zafi. Na ninka mata maganin amma bai yi ba. Wanne zan ƙaro?
Wani manomi, Sandamu

AMSA: Kada ka ƙaro komai, Malam. Mun riga mun aika maka da amsa ranar da saƙonka ya iso, muna buga ta a nan ne saboda wasu. Ciwon aiki yana da tafiyarsa: ya fi tsanani a kwana biyun farko, daga na uku kullum sauka yake. Ciwon da ya sauka sannan ya sake hawa ba na yanka ba ne, wani abu ne sabo. Tsakanin kwana biyar zuwa bakwai shi ne lokacin da ɗinkin hanji kan yi yoyo in zai yi, ko mugunya ta taru a ciki. Ƙarin magani rufe alamar kawai zai yi, ƙazanta na ci gaba da shiga jini.

Ka kai ta asibitin da aka yi aikin yanzu, ko dare ne. In da nisa, babban asibitin Daura ya fi kusa da kai, su duba ta su tura ta gaba in da buƙata. Kada a ba ta abinci ko kunu ko jiƙo a hanya, don mai yiwuwa a sake shiga da ita ɗakin tiyata. Ka tafi da takardar sallama da duk fakitin magungunan, ka faɗa musu ainihin adadin da ka ba ta da lokacin, musamman farasitamol, saboda in ya wuce ƙima akwai maganin kare hanta da ke aiki sosai in an fara shi cikin awa takwas.

Sauran alamun da ke mayar da mai aikin ciki asibiti ba tare da jiran ranar da aka ba shi ba: zazzaɓin da ya kai 38 a ma'auni, bugun zuciya da sauri yana kwance, amai kore, rashin fitar iska da bayan gida bayan da sun fara, mugunya ko wari a bakin ɗinki, ruwa mai ɗan ja-ja da ya jiƙa bandeji kwatsam, ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko sarƙewar numfashi da ciwon ƙirji. In kuwa ɗinkin ya buɗe har ana hango abin ciki, kada a tura shi ciki da hannu. A rufe da tsabtataccen ƙyalle da aka jiƙa da dafaffen ruwan da ya huce, a kwantar da ita rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, a ɗauke ta a haka zuwa mota.